An Rufe Kicin Ɗin Laraba

Ranar Lahadi, 9 ga watan Maris, muna fitowa daga coci 'yata Sherida ta tsaya cak a bakin ƙofa da waya a kunne. Na ce mata ta matsa, tana tare wa mutane hanya. Sai ta ce, "Mama, Gwaggo Hedi ta rasu." Haka labarin rasuwar Malama Hedwig Kogeldans ya iso mini. Zuciyarta ce ta tsaya da safiyar wannan rana, tana da shekara sittin da huɗu, fiye da rabinsu kuwa a gaban allo ta yi su, a makarantar firamare guda a nan kudancin Rotterdam, a ƙasar Holland.

Hedi, ni ba malama ba ce. Sakandare na gama a Paramaribo, babban birnin Suriname, kafin mu taso, a nan kuma aikin kula da tsofaffi na yi har gwiwoyina suka gaza. Amma na haifi malama, kuma ke kika riƙe mini ita a aji. Saboda haka ina da bakin magana a kanki, zan kuma yi ta ko da za ta yi wa wasu ɗaci.

Shekarar da Sherida ta fara koyarwa, a daren ganawa da iyaye, wani uba ya shigo ajinta, ya zauna, ya dube ta sama da ƙasa, ya tambaye ta yaushe malamar za ta iso. Ta dawo gida da kuka. Na gaya mata abin da uwa take gaya wa 'yarta: ta share hawaye, ta goge rigar gobe, babu wanda ya yi mana alkawarin sauƙi a ƙasar nan. Washegari kika ga idonta a ɗakin malamai. Ba ki tambaye ta abin da ya faru ba. Cewa kika yi, "Ke 'yar Norine, kina da keke? To, Laraba in an tashi ki biyo ni. Kuma kar ki cika cikinki da wannan busasshen burodin."

Tunda ran Laraba da tsakar rana ake sallamar yara, sauran malamai kan wuce sabgoginsu, ke kuwa ki wuce ki ɗora tukunya. Shinkafa da wake da kifin gishiri, soyayyar ayaba, wani lokaci har da pom, abincin bikinmu na Suriname, idan kin samu sukuni. Duk baƙar mace ko 'yar baƙi da ta fara koyarwa a unguwar nan ta san matakalar gidanki. 'Yan Suriname, 'yan Maroko, 'yan Turkiyya, masu kallabi da masu kitso, kowa Gwaggo take ce miki. Doka ɗaya kika kafa musu: ba a barin aiki a ofishin shugaba. Duk wadda za ta bari, sai ta zo kicin ɗinki ta faɗa, bayan ta ci ta ƙoshi.

Sherida ta hau matakalar nan da niyyar bari ba sau ɗaya ba. Akwai lokacin da duk yaron da ya yi rashin ji, in dai baƙi ne, ajinta ake tura shi, wai ita ce ta san halinsu. Bikin al'adu ita, rarrashin iyayen da suka fusata ita, hoton tallar makaranta ita a gaba. Da aka tashi ba da shugabancin sashe kuwa, sai aka ce ba ta nuna ba tukuna. Ta ba ni labari cewa kin saurare ta kina juya miya, sannan kika ce, "Oh, 'yar fim ɗinmu! Ki ce musu hotonki ya yi tsada. Malamar aji aka ɗauke ki ko 'yar sandan baƙaƙen yara?" Naoual, abokiyar aikinta 'yar Maroko, ta ce, "Gwaggo, ni ma fa tafinta aka mai da ni." Kika ce, "Ke rufa mana baki, mai Larabcin da kakarki ma ba ta ganewa. Miƙo faranti." Aka yi dariya, aka ci. Ran Alhamis duk suna aji.

Ke kanki kin sha abin da kike yi musu magani. Samarin da kika koya wa yadda ake tsayawa gaban yara sun zo sun wuce ki sun zama shugabanni, kina nan a ajinki. Ba ki taɓa ɗaga murya a kan haka ba, ni ce nake ɗaga ta yau. Hukumar makarantar ta aiko da furanni masu tsada ranar jana'izarki, shugaba ya miƙe ya ce ke ce adon makarantar. Ado! Mace ta yi musu aikin da ya kamata su yi, da tukunyarta, da lokacin hutunta, har zuciyarta ta gaji, sai yanzu suke maganar kafa kwamiti don su gano abin da ke korar malamai mata irinmu. Da sun so sani, ƙofar ajinki tana kusa da tasu. Ku ji kunya. Kuna ɗaukar 'ya'yanmu aiki da murna, kuna nuna su ga baƙi, sannan ku bar su su kaɗai su yi ta ɗaukar abin da ku ba za ku iya ɗauka na mako guda ba.

Larabar da ta biyo bayan binne ki, Sherida ta tashi daga makaranta, keke ya kai ta ƙofarki ba tare da ta yi niyya ba. Ta tarar da labule a sauke. Daga nan ta wuto gidana, ta tsaya a kicin ko rigar sanyi ba ta cire ba, ta ce, "Mama, zan bar aikin."

Na tuna dokarki. Na ce, "Zauna. Ba a wannan magana da yunwa." Na jiƙa kifi, na dafa shinkafa da wake yadda uwata ta koya mini, na zuba mata. Tana ci ina yi mata faɗa. Na tuna mata shekarun karatu, na tuna mata yaran da ke kallonta, musamman 'yan matan da ba su taɓa ganin mai irin gashinsu riƙe da alli ba sai ita. Na ce haƙuri shi ne gadonmu. Ta cinye tas, ta wanke farantin, ta kife shi.

Ta ce, "Na ci, Mama. Zan bari."

Na ce, "Da Hedi ce da kin saurara."

Ta ce, "Gwaggo ba ta taɓa ce min in yi haƙuri ba. In na gama ci, cewa take, gobe ki jira ni a bakin ƙofa, tare za mu shiga wurin shugaba. Ke za ki shiga da ni gobe, Mama?"

Wa zai buɗe mini ofishin shugaba, ni Norine Landveld? A makarantar nan kaf, ke kaɗai ce mai shekaru da nauyin da za ta tsaya kusa da yarinya a saurare ta, kuma ba a bari wata ta girma ta kai matsayinki ba. Ran Alhamis Sherida ta shiga ita kaɗai ta faɗa musu. Naoual ma ta ce daga hutun bazara ba za ta dawo ba. Na ji ana cewa za a samu wasu. Za a samu, su ma su tafi.

Hedi, Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki kurakuranki, Ya ba ki hutun da ba ki samu ko na yammacin Laraba ɗaya ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Humphrey, da ɗanki Dwight, da 'yan'uwanki na nan da na Paramaribo. Allah Ya ba ku dangana. Ina kuma yi wa yaran ajin Sherida ta'aziyya, waɗanda za su dawo hutu su tarar babu ke, babu ita. Allah Ya dube su, amin.