Ƙwaryar da Aka Tsayar a Ƙofar Coci

Wutar da Kaka Talatu take hurawa da yamma ba ta girki ba ce. Ƙarafan zanen ƙwarya take gasawa a ciki. A ƙauyenmu na bayan Malumfashi, da an gama cin tuwo sai mu jikoki mu kewaye ta, ta ɗora ƙwarya a cinya, ta zaro ƙarfe ja wur, tana zane tana ba mu tatsuniya. Har yau in na ji ƙaurin ƙwarya, muryarta nake ji.

"Ga ta nan tafe, ku buɗe kunne," haka take farawa. "Rifkatu, janye ƙafarki daga wuta, ban ce ina son gasasshen nama ba."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta wata tsuntsuwa mai waƙa a kan tsamiyar wani gari. Mutanen garin suka ce kukanta yana kawo tsiya, suka yi ta jifanta har ta gudu, gashinta yana zuba. Can wata shekara aka ce manyan baƙi za su zo, aka rasa abin nuna musu. Sai suka tsince gashin nan suka soka a huluna, suna cewa, "Ku ga tsuntsuwarmu!" Baƙi suka ce to, ta yi musu waƙa mana. Kowa ya sunkuyar da kai.

"Kaka, ta dawo?"

"Wa ya je ya ba ta haƙuri?" Sai ta mayar da ƙarfe wuta.

Sai da na girma na tuna shekarar da tatsuniyar nan ta fara. Ina yarinya Kaka ta yi mako uku tana zanen wata ƙwarya domin godiyar girbi: gicciye a tsakiya, zangarniyar dawa kewaye da shi. Ranar Lahadi ta cika ta da dawa, ta ɗauka a ka, ina biye da ita. Baba Bitrus, dattijon ikilisiya, ya tare ƙofa.

"Talatu, wannan zanen maguzanci ne. Juye dawar a buhu, ƙwaryar ta tsaya waje."

Matar da 'yan'uwanta suka daina cin abinci da ita saboda ta yi baftisma, ita aka faɗa wa haka a gaban jama'a! Ta juye dawar, ta kife ƙwaryar a gindin darbejiya. Ta ci gaba da zane tana kai wa kasuwa, amma har ta mutu ba ta ƙara kai ƙwarya coci ba. Wannan ɗin kuwa ni ta bar wa.

Bara ƙungiyar fasaha ta cocinmu ta shirya taron al'adun Afirka. Matasa suka saƙa faya-fayai, suka ɗinka atamfa, matan zumunta suka kawo tulunan kiɗa. Shugabarsu Hannatu, jikar Baba Bitrus, ta same ni gida.

"Anti, ki ara mana ƙwaryar nan mana. Za mu shafa mata fenti ruwan zinare, mu rataye ta bayan bagade, can gaban coci. Ai tarihinmu ce."

Fenti! A kan aikin hannun Kaka! Raina ya ɓaci, amma me yarinyar ta sani? Ba a haife ta ba a lokacin. Na ce da ita ni zan kawo ta da kaina.

Ranar taron na cika ta da dawa. Da aka zo baiko, lokacin da kowa ke kai kyautarsa gaba, na ɗauka a ka, na ratsa tsakiyar coci ana kiɗa ana rawa, na tsaya gaban Baba Bitrus. An zaunar da shi a kujerar gaba, da hular saƙi da yara suka ɗora masa.

"Baba, ka gane ta?"

Ya matso da ido ya yi murmushi. "Kai, aikin mutanen da! Yanzu ina za a samu irin wannan?"

"Ta Talatu ce, Baba. Wadda ka tsayar a ƙofa."

Ya ɗan yi tunani, ya girgiza kai. Wallahi ba ƙarya yake ba, bai tuna ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da ya yi musu, da na samu abin yi wa faɗa. Abin da ta kwana da shi ta tashi da shi har kabari, a wurinsa ko abin tunawa bai kai ba.

Na ajiye ƙwaryar gaban bagade da dawarta, ba fenti, aka yi addu'a a kanta, jama'a suna ta ɗaukar hoto.

Muna yara mun ɗauka dariyar mutanen garin Kaka take so mu yi. Ashe tambayar nan da take mana, amsarta take jira. Ƙwaryar ta shiga coci, har tafi aka yi mata. Wadda ta zana ta kuwa, har yau ba wanda ya je ya ba ta haƙuri.