Shekarar da Aka Ce Ƙafata Ta Cinye Dawa

Shekarun baya can, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, aka kawo ni aure daga Maska zuwa wani ƙauye a bayan Malumfashi. Gidan gandu ne, surukina ke riƙe da shi. Shi a lissafinsa ƙarfin babbar gonarsu rumbu uku ne, don ta taɓa cika ukun sau ɗaya. Duk shekarar da ta gaza haka, to akwai mai hannu a ciki.

Damina ta farko da zuwana, da ƙyar dawa ta cika ɗaya da rabi. Ina daka na ji shi ta bayan danga yana cewa, "Me ya sauya a gidan nan bana in ba amarya ba?" Wallahi taɓarya ta nemi suɓuce mini. Farar ƙafa! Wadda aka liƙa wa wannan suna aka mai da ita gida, ko mai kuturta ba ya neman ta. Ni da nake taƙama da tafiya, sai ga ni ina taka ƙasa kamar mai satar kaza.

Ranar da za a yanke maganata, gwaggon mijina ta shigo da kwandon ƙuduji, ciyawar nan mai jan fure da ke shanye dawa, ta juye a gaban surukina.

"Yaya, wannan ma amarya ce ta zo da ita a lefe? Shekarar rumbu ukun nan taka, ai Fulani ne suka kwana da shanu a gonar rani guda. Tun daga nan ka ƙara ba ta taki? Ƙarfinta biyu ne, kai ma ka sani."

Ya ɗauki ƙudujin ya duba. Can ya ce, "A kira Fulanin. Ita kuma ta zauna mu ga baɗi."

Mu ga baɗi! Shekara guda cur, ko hadari ya yi jinkiri sai in fara tunanin hanyar Maska. Da kaka ta zo, biyu suka cika, na uku ko rabi bai kai ba. Ya dube ni ya ce, "Ƙafarki da dama-dama."

Na haifi tara a gidan nan. Amma har yau in na ji namiji yana faɗin abin da gona ya kamata ta bayar, sai na waiga in ga wace baiwar Allah aka kawo kwanan nan.