Sunan da Na Buga a Layi na Tara

Ranar Talata, bakwai ga watan Safar, da hantsi, autarka ta kira ni a waya ta ce, "Kawu, Baba ya cika." Na ce daga Allah muke, gare shi za mu koma, na maimaita har sau uku, sannan na zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa, na kasa tuna inda na ajiye ɗayan. Kafin azahar mun kai ka makwancinka. Mutane sun cika maƙabarta, amma wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Injiniya, mijin yayata, ni ne dai ƙanen matarka da ka laƙaba wa Tafireta, saboda shekara talatin da ɗaya na yi ina buga keken rubutu a ofishin majalisar ministoci. Ba gwanin rubuta ta'aziyya ba ne ni, maganar wasu na saba bugawa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne akwai gafarar da na yi shekara ashirin da biyu ina shirin nema a wurinka, kullum in ce sai gobe, har goben ta zo babu kai.

Tun ranar da ka auri Yaya muka zama abokan wasa, kamar yadda ƙanen mata da mijin ya suka saba. Ban taɓa gaishe ka gaisuwar arziki ba. In na shigo gidanka sai in ce, "Ina mai gyaran famfon nan da ya sace mana 'yar'uwa?" Kai kuma ka ce a ɓoye tukunya, mai yatsu goma ya iso. Kana cewa ni kaɗai ne mutumin da ke yini yana dukan ƙarfe, ƙarfen bai lanƙwashe ba, shi bai yi arziki ba. Yaya ta yi ta faɗa, wai mun girma ba mu san mun girma ba. Shekara goma sha biyar muka yi a haka.

Duk wanda ya zauna a layinku ya san sufanar da ke aljihun rigarka. Babban injiniya ne kai a ma'aikatar ruwa, da mota da direba, amma ba ka iya wuce famfon da ke ɗiga. Na taɓa ganin ka sanye da fararen kaya, za mu ɗaurin aure, ka tsaya ka naɗe hannun riga ka gyara wa wata tsohuwa mai sayar da gawayi bututun ƙofar gidanta. Muka isa an shafa fatiha, kai kuma da taɓo har gwiwa. Da na yi maka tsiya sai ka ce auren ya ɗauru ba da kai ba, amma ruwan ba zai tsaya ba sai da kai. Akwai kuma lokacin da wani babba ya so a karkatar da sabon bututu zuwa gidansa kafin asibitin haihuwa. Ka ce masa da ladabi a bari mata su haihu tukuna. Ya yi wata shida ba ya amsa gaisuwarka, kai ko a jikinka.

To, a ofishinmu akwai wata doka da duk wanda ke wurin ya haddace. Idan Shugaban ƙasa zai naɗa ministoci, mutum uku ne kawai ke ganin jerin sunayen: shi, da Babban Sakatare, da mai bugawa. Ana kulle mai bugawa a wani ɗaki marar taga, in ya gama a ƙone takardar kabon a gabansa, a cire zaren tawadar keken a tafi da shi. Kuma duk sunan da ya fita gari kafin a karanta a rediyo, to an soke shi ke nan. Shugaban na cewa wanda bai iya riƙe bakinsa kwana uku ba, ba zai riƙe sirrin gwamnati shekara huɗu ba. Shi kuwa ma'aikacin da ya fitar, kora ce da gidan yari. Sau biyu na buga irin wannan jeri kafin nan, ko matata ba ta ji komai daga bakina ba. Har alfahari nake yi da haka.

A karo na uku, wata Litinin, Babban Sakatare ya miƙo mini takarda da rubutun hannu, sunaye ashirin da uku. Ina bugawa ba tare da tunanin komai ba, sai yatsuna suka tsaya a layi na tara. Sunanka ne, a gabansa an rubuta ma'aikatar ruwa. Na buga shi a hankali, harafi bayan harafi, ƙirjina na bugawa fiye da keken. A raina na ce yau dai an ba mai abu abinsa.

Da aka tashi aiki na biya gidanka kamar yadda na saba. Na riga na yi wa kaina alƙawari ba zan ce uffan ba, kuma Allah shaida ne ban ce ba. Kana zaune a tsakar gida a kan kujerar ƙarfe, kana duba wata taswira, Yaya na gefe tana tsintar shinkafa. Ban san abin da ya shiga jikina ba. Sai na ga kaina na cire takalmi tun daga bakin zaure, na zo na durƙusa a gabanka na ce, "Ranka ya daɗe, barka da yamma." Ni, da ban taɓa ce maka ko sannu ba sai da baƙar magana a bayanta.

Ka ɗago ka dube ni ta saman tabarau, ka daɗe kana kallo. Sannan ka ce, "Tashi, Tafireta, ko cikinka ke ciwo?" Na yi dariyar yaƙe na tashi. Amma Yaya ta riga ta daina tsintar shinkafa. Ta san inda nake aiki, ta san makon da ake ciki, duk gari maganar da ake yi ke nan. Labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuwa ba fuska kaɗai ba, har gwiwoyina sun ba da labari.

Ba na ganin laifinta. Murna ce ta ci ƙarfinta, ta raɗa wa maƙwabciya ɗaya. Kafin la'asar ɗin Talata an kafa rumfa a ƙofar gidanka, an jera kujerun haya, motoci sun toshe layin. Mutanen da rabonka da su tun makaranta suka zo da 'ya'yansu da takardun neman aiki. Tela ya zo da magwaji ba a kira shi ba. Kana ta fitowa kana cewa babu wanda ya gaya maka komai, su tafi gida, suna dariya suna cewa kawaicin manya ne.

Ranar Laraba bayan azahar aka sake kulle ni a ɗakin nan. Babban Sakatare ya ajiye takardar a gabana, ko kallona bai yi ba. An ja jan layi a kan sunanka, an rubuta wani a sama. Da hannuna na buga sunan wanda ya maye gurbinka, kuma ban yi kuskuren harafi ko ɗaya ba. Na fito na wuce gida kai tsaye. Ya kamata in zo in faɗa maka don ka kori taron, amma a ranar ne na tuna da doka. Kullum in na tuna wannan sai in ji kunyar kaina: na riƙe sirri a ranar da faɗarsa zai yi maka amfani.

Alhamis da ƙarfe huɗu aka karanta jerin. Na zo na tsaya a bakin layi kusa da shagon aski, na kasa ƙarasowa. An ɗora rediyo a kan tebur a tsakiyar rumfa, kowa ya yi tsit. Aka karanta na bakwai, na takwas, na tara, har na ashirin da uku. Wani ya ce ko sun tsallake ne, wani ya girgiza rediyon. Kai ne ka fara miƙewa, ka ce lokacin la'asar na wucewa. Kafin a idar da salla rabin kujerun babu kowa, kafin magariba masu haya sun kwashe kayansu. Na hango ka kai kaɗai kana tattara kofunan da aka watsar a ƙasa.

Bayan wata biyu sabon ministan ya tura ka wata tashar tura ruwa a bayan gari, inda sai ka yi tafiyar awa biyu kafin ka isa. A can ka ƙarasa aikinka, ba ka taɓa yin ƙorafi ba. Ni kuwa babu wanda ya tuhume ni, na ɗauka sa'a ce. Na ci gaba da aiki, na samu ƙarin girma, na aurar da 'ya'yana, na yi ritaya da takardar yabo.

Amma wasa ya mutu a bakina. Tun daga ranar ban ƙara iya yi maka tsiya ba. In na zo sai in gaishe ka da ladabi, in zauna a gefen tabarma kamar baƙo. Kai ba ka fasa ba, kana jefo mini magana kana jira in rama, ni kuma in ce, "Haka ne, Injiniya." Wata rana ka gaji ka ce, "Wai wa ya sace mini ƙanen mata ya kawo mini wannan liman?" Kowa ya yi dariya, ni na sunkuyar da kai. Sau biyar aka naɗa sababbin ministoci bayan nan. Duk lokacin da za a karanta jeri muna tare, sai ka rage muryar rediyo ka kawo hirar tsadar bututu. Na ɗauka ciwon abin ne bai bar ka ba.

Da matata ta rasu, yara suka watse garuruwan aikinsu, gida ya yi mini faɗi. 'Yan gaisuwa suka ɗauke ƙafa bayan mako guda, kai kaɗai ka ci gaba da zuwa duk Juma'a da yamma, shekara tara, har ƙafarka ta fara gardama. Kana zuwa ka buɗe tagogi, ka ce ɗakin na warin gwauro, ka duba famfunan gidan ko da lafiyarsu lau. Sau nawa na haɗa maganar a bakina, in ka juyo sai in ce ko za ka sha shayi. Ko a asibiti, kwana huɗu kafin rasuwarka, na riƙe hannunka na ce, "Injiniya, akwai wata magana." Ka ce in na zo da ita in zo da lemo, na ce to. Ban koma ba sai da aka kira ni.

Ranar uku, da mutane suka ragu, Yaya ta aika a kira ni ɗakinta. Tana zaune a ƙasa da carbi, ta ce in rufe ƙofa. Ta ce akwai abin da ka sa ta rantse ba za ta faɗa ba sai bayan ranka. A safiyar Larabar nan an aiko mota an kai ka ofishinmu ta ƙofar baya. Babban Sakatare ya ce maka Shugaba na son ka, ba ya so ya rasa ka, kuma sun san kana da ƙanen mata a ɗakin bugu. Ga takarda, ka sa hannu cewa daga wurin ƙanen matar taka labarin ya fito, sunanka ya zauna. Ka ce masa yaron bai faɗa maka komai ba, gaishe ka kawai ya yi, kuma ba ka san dokar da ta hana gaisuwa ba. Ya ba ka awa ɗaya ka yi tunani. Ka ce ba sai an ɓata awar ba, a ba ka mota ka koma, akwai bututun da ya fashe a bayan kasuwa.

Bango ɗaya ne tsakanin ofishin da ɗakin da nake zaune a lokacin. Yarana huɗu, babbansu na aji uku. Ashe abin da na kira sa'a, kai ne. Da ƙyar na ce, "Yaya, ban nemi gafararsa ba." Ta share ido ta ce ka san zan faɗi haka, kuma ka bar saƙo: kujerar minista ka yafe tun kafin ka sauko daga benen ofishin, ba ta taɓa hana ka barci ba. Abin da ya dame ka shi ne ladabin da na yi ta yi maka shekara ashirin da biyu. Ka ce ka rasa masu zuwa rumfa ba ka ji komai ba, amma da ka rasa mai yi maka tsiya sai gidan ya yi maka shiru.

To, Injiniya, na makara, amma ga shi. Kai wane irin mutum ne da za a ba ka minista ka musanya da mai dukan ƙarfe? Ko a kasuwar ƙauye ba a taɓa yin cinikin asara irin wannan ba. Da ma na faɗa wa Yaya tun ranar da ka zo neman aure cewa ba ka da wayo, ba ta ji ba. Na rubuta wannan na ajiye alƙalami ina jiran ka rama, ɗakin shiru.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai kamar yadda ka shayar da bayinsa. Yadda ka rufa mini asiri ba tare da na sani ba, Allah ya rufa maka naka ranar da babu mai rufawa sai shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya, da 'ya'yanka shida da jikokinka, da tsofaffin ma'aikatan tashar da suka yi tafiyar awa biyu don su ɗauki makararka. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Ni kuma ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in ya yi maka addu'a ya haɗa da ni, Allah ya kyautata ƙarshena ya sada ni da kai, in nemi gafarar nan da bakina.