Baba Bushta, Mai Tanderun Layinmu

Kafin tattabarun masallacin unguwarmu su sauko kiwo, hayaƙin Baba Bushta ya riga su tashi. Daga sallar asuba yake wucewa tanderu. Ya tuɓe jallabiyarsa ya rataye a ƙusa, ya sauka ramin da yake tsayuwa, wanda ya kai masa ƙugu, ya tona tokar jiya har ya samo garwashin da ya kwana da rai. Sai ya yi bisimilla, ya ɗora masa itace. Mai wucewa a wannan lokaci ba ya ganin fuskarsa, sai inuwarsa tana lilo a bango, da doguwar sandarsa mai faffaɗan kai da yake zurawa cikin wuta a hankali, kamar mai tuƙa kwalekwale a kogin da ba kowa.

Da hantsi kwaɓin burodi ke zuwa gashi. Matan layinmu na tsohon garin Sefru su kan fito da shi a kan alluna, an lulluɓe da ƙyalle, su jera a bakin ƙofa su koma. Ba mai sa wa nata alama. Ya san hannun kowace.

Amma ba don burodi na ɗauki alƙalami ba. Ranar Juma'a nake tunawa, da farantan cinyoyin talotalo.

Tun ranar Alhamis iyayenmu mata ke tsattsaga naman da wuƙa, su murza masa tafarnuwa da man zaitun da lemun tsamin da ya daɗe cikin gishiri, sannan su barbaɗa ras el hanut, haɗin kayan ƙamshin nan da kowane gida ke da nasa sirrin: citta, kirfa, kanumfari, masoro, kurkum, da sauran abin da uwa ba ta faɗa wa kowa sai 'yarta. Ya kwana a haka. Da safe a shimfiɗa albasa da dankali da zaitun a faranti, a kwantar da cinyoyin a kai, a rufe, a kai wa Baba Bushta.

Ba ya taɓa su sai burodi ya ƙare, wuta ta daina fushi ta kwanta. Idan wata ta matsa masa wai baƙinta sun iso, sai ya ce, "'Yata, kaza yarinya ce, ana yi mata tsawa ta nuna. Talotalo dattijo ne, sai da lallashi. Ki ba baƙin shayi." Can nesa da garwashi yake fara ajiye su, a rufe, har naman ya saki jiki. Ya jawo, ya buɗe, ya kwarara musu romonsu da ludayi, ya mayar. Sai a ƙarshe yake matso da su kusa da wuta, fatar ta yi ja ta ɗauki sheƙi. A lokacin rana ta kan leƙo ta wata 'yar kafa a rufin, haske ya sauko kamar igiya, garin alkama na yawo a cikinsa. Ƙamshin ya fita ya bi layi, ya hau matakala, ya shiga tufafin da aka shanya. Na yi zaman garuruwa da dama tun daga nan, amma har yau idan barcin rana ya fara ɗaukata, a bakin wannan ƙofa nake samun kaina, ina jiran a miƙo faranti.

Shi ba mai magana ba ne, don haka yawancin abin da muka sani game da shi daga bakin Si Allal mai aski muka ji, wanda shagonsa ke manne da tanderun, kuma bai taɓa ganin abu ya bar shi a cikinsa ba.

Akwai shekarar da masaƙar da ke ciyar da rabin layinmu ta rufe. Maza suka zauna a gida. Amma ranar Juma'a farantai ba su fasa zuwa ba, domin ba matar da ke son maƙwabciya ta ga ƙofarta shiru. Suna zuwa a rufe kamar kullum. Baba Bushta kaɗai ke ɗaga murfi, shi kaɗai ya san cewa wasu ba komai a ciki sai dankali da albasa. Si Allal ya ce da idonsa ya ga yadda yake yi. Baba Bushta kan ce wa masu nama, da kiran girma irin wanda ake yi wa mata a garinmu, "Lalla, romonki ya yi yawa, dafuwa zai yi maimakon gashi. Zan rage." Su ce ya rage. Abin da ya rage ɗin kuwa a kan dankalin nan yake kwarara shi, har ya jiƙu da kitse da kayan ƙamshi. Wuyan talotalo da mahauci ke ba shi kyauta don miyar gidansa, shi ma a ƙarƙashin albasar wani yake ƙarewa.

"Bushta," in ji Si Allal wata rana, "yau na ga abin al'ajabi. Dankali ya tsiro wuya."

"Ka kula da kunnuwan mutane, Allal," ya ce, bai ko waiwayo ba. "Jiya saura kaɗan ka raba liman da nasa."

Duk waccan shekara, ranar Juma'a ƙamshi ɗaya ke fita daga kowane gida a layinmu. Yaran da aka haifa lokacin sun girma ba su san an yi wani bambanci ba.

Kai ne wannan, Baba Bushta. Kai ne ka ga cikin kowane gida ba ka taɓa taka zaurensa ba, ka kuma mayar da murfi yadda ka same shi. Murhu mai rufa asirin tukunya.

Abu na biyu ba ji na yi ba, a gidanmu ya faru.

Mahaifiyata, Lalla Zuhur, tana da yaya mai suna Kanza, gidanta na can ƙarshen layi kusa da famfo. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin sun gaisa ba. Dalili kuwa, ranar da kakarmu Lalla Yamna ta rasu, Umma tana asibiti a Fas tana naƙudata. Ba a aika mata ba. Da ta dawo da ni a hannu, sai ta tarar an riga an binne uwarta, har an share tsakar gida. Ta ɗora laifin a kan Inna Kanza, ta rantse ba ta ƙara shiga gidanta. Dattawa sun yi magana, liman ya yi, ba wanda ya ci nasara. Na yi rarrafe, na shiga makaranta, na zama budurwa, suna nan a haka. Idan suka haɗu a hanya, kowace sai ta ga wani abin kallo a bango.

Sai wata Juma'a da sanyi ya fara shigowa, aka ji Inna Kanza ba ta da lafiya sosai, har likita ya fara yi mata zancen aiki. Umma ta ji, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ci gaba da tankaɗe.

Da azahar na karɓo farantinmu a rufe na ajiye. Umma ta ɗaga murfi, tururi ya taso, sai na ga hannunta ya tsaya a sama. Ta yagi ɗan nama ta sa a baki, ta rufe ido.

"Wardi," ta ce a hankali. "Busasshen furen wardi. Shi ne abin da na rasa."

Shekara da shekaru tana haɗa ras el hanut ɗin kakarmu, kullum tana cewa da saura. Sai a lokacin muka lura farantin ma ba namu ba ne. Na jan ƙarfe ne, mai lotsawa a gefe, wanda kakarmu ta yi aure da shi. Umma ta goge ido da bakin mayafi, ta sungumi farantin ta fita. Na bi ta.

"Baba Bushta, wannan ba nawa ba ne."

Ya leƙo daga rami, ya ƙanƙance ido. "Ashe? Tsufa ne, 'yata. Ido ya fara cin amanata."

"Wane ido? Kai da kake gane burodin kowa ko ka juya baya?"

"To, ai ko gwani rana ɗaya ya kan zame. Naki dai yana gidan Kanza. Ni kuwa ba na barin wuta."

Bai rufe baki ba sai ga Inna Kanza, ta rame, tana tafe tana hutawa, da farantinmu a hannu. Ita ma ƙorafi ta kawo. Suka tsaya a ƙofar da ba ta ɗaukar mutum biyu, kowace riƙe da abincin 'yar'uwarta. Almakashin Si Allal ya yi shiru. Baba Bushta ya juya ya shiga gyaran garwashin da ba abin da ya same shi.

Inna Kanza ce ta fara. "Har yanzu kina cika zuma kamar mai dafa wa yara."

"Ke kuma kin ɓoye mini wardi, Yaya."

"Ban ɓoye ba. Ba ki tambaya ba."

Umma ta sunkuyar da kai tana kallon lotsawar farantin. Da ta yi magana, muryar ba irin wadda na sani ba ce. "Uwarmu ta neme ni?"

"Sunanki ne a bakinta har ta yi shiru. Ita ta hana a aika. Ta ce kina kan gwiwa, kada a haɗa miki zafi biyu. Na bi maganarta, Zuhur. Na rasa uwa, na wayi gari na rasa ƙanwa."

Ba su rungumi juna ba, hannuwansu a cike suke. Umma dai ta ce, "Kawo, ya yi miki nauyi." Ta ɗora faranti a kan faranti, suka nufi wajen famfo a hankali, tafiyar mara lafiya. A gidan Inna Kanza muka ci abincin ranar. Da aka yi mata aikin, Umma ce ta yi jinyarta, har ta warke. Yanzu tare suke daka kayan ƙamshinsu a turmi ɗaya, suna gardama a kan zuma.

Na taɓa tambayarsa ko da gangan ya yi. Ya ce, "Ni gashi aka kawo mini, gashi na yi."

Yanzu kuwa idon ya ci amanar da gaske, hayaƙi kuma ya zauna masa a ƙirji. Gidaje da yawa sun sayi murhun gas, sai tsofaffi da masu taurin kai irin Umma ke kai masa faranti. 'Yarsa da ke aure a wani ƙauye a gindin dutse ta zo ta ce ya isa haka, ta gyara masa ɗaki mai taga. Ya yi ta ja, har ya yarda.

Juma'ar da ta wuce ya hura wutarsa ta ƙarshe. Farantai suka yi ta zuwa, har daga gidajen da suka daɗe da daina aikowa. Ya gasa su yadda ya saba, bai gaggauta ko ɗaya ba. Da ya fara miƙowa yana kiran sunaye, ba wadda ta matsa. Inna Kanza ta ce, "Yau ba inda za su, Baba. Fito." Aka shimfiɗa darduma a tsakiyar layi, maza suka kamo shi suka fito da shi daga ramin. Ya zauna yana ƙifta ido cikin hasken rana kamar baƙo. Kowace mace ta yago masa daga nata. Ya ci a hankali, yana jinjina kai. Si Allal ya tambaye shi na wa ya fi daɗi.

"So kake a kore ni daga garin kafin mota ta zo?" ya ce. Aka yi dariya, wasu suna share hawaye. Can ya ƙara da cewa, "Ashe haka suke a baki. Ni a hanci na san su."

Baba Bushta, kai ne ka tsaya a rami don abincinmu ya hau tebur. Kai ne ka sha hayaƙi muka sha ƙamshi. Ba ka yi wa kowa wa'azi ba, amma a ƙofarka muka koyi cewa abin da ya yi tauri ba a sa masa wuta mai yawa, matso da shi ake yi kaɗan-kaɗan. Mun gode. Na gode a madadin gidajen da ka suturta ba su sani ba, da kuma a madadin mata biyu da ka mayar wa juna tun da sauran lokaci. Allah ya ba ka iska mai daɗi a gindin dutsen nan, ya sanyaya maka ƙirji, ya sa wutar duniya ita ce iyakar wadda za ka gani.

Ku kuma masu karatu, kowa a cikinku akwai murfin da yake ɗagawa a wurin aikinsa, ya ga abin da wasu ba su gani ba. Ku yi da shi yadda wannan bawan Allah ya yi. Idan kuma akwai irinsa a layinku, ku je ku gaishe shi yau, yana ji yana gani.

Jiya na bi ta ƙofar tanderun. An sa kwaɗo, mota ta riga ta tafi da shi. Na tarar da wata tsohuwa ta ajiye kwandonta, ta manna tafin hannu a bango. Da ta wuce, ni ma na sa nawa. Da sauran ɗumi.