Sabi'u ya zo neman yafiya, muka ce Allah ya kiyaye hanya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina durƙushe ina facin tayar wani ɗan kabu-kabu aka zo aka ce mini Sabi'u ya rasu. Sabi'un Malam Ila maƙwabcina, abokin ɗana Nura. Shekararsa goma sha bakwai.

Na ji wasu sun fara cewa a ce zazzaɓi ne. Ni ba zan faɗa ba. Kashe kansa ya yi. Uwarsa na tambaya kafin in taɓa wayar nan, ta ce: "Rubuta, Idi, ko wata uwar ta tsira." Amma duk wanda ya tambaye ni yadda aka yi a ƙarƙashin rubutun nan, wallahi buloke shi zan yi, ko da surukina ne.

Kun san ni, Idi mai faci na bakin tasha. Aji huɗu na yi a lakwal, mushe, wato malaminmu, ya ce in je gida in huta, shi ma ya huta. Ban taɓa rubuta abin da ya wuce barka da Juma'a ba. Yau ku yi haƙuri da ni. Raina a ɓace yake, kuma ina da ɗa a gida wanda tun safe bai ce uffan ba.

Sabi'u ne ke karanta mini takarda in ta zo da Faransanci. Bai taɓa yi mini dariya ba, alhali nawa ɗan sai ya gama kwaikwayon bakina kafin ya karanta.

Da rijiyar unguwa ta ja baya, shi ke kai wa tsohuwata bido biyu, wato jarka, na ruwa kafin ya kai gidansu.

Kuma duk garin nan shi kaɗai ke dariyar tsoffin barkwancina. Ko sau goma na maimaita, sai ya riƙe ciki.

Tun damina ya daina.

Ya faɗi jarrabawar birbe ta ƙarshen ƙaramar sakandare. Geron da suka shuka shi da ƙannensa ya bushe a tsaye, ko kai bai fid da ba. Babansa yana Legas, bai samu dawowa ba. Yaro ya bar ƙwallo, ya bar fadar samari ta hira, ya shige ɗaki. Ya rame har wando na zame masa.

Me muka ce? Dattawan masallaci suka ce ya natsu, Allah ya shirya sauran. Matasa suka ce budurwa ce. Wata gwaggonsa ta ce iska ce, aka nemo turare. Ni kuwa, shugaban marasa hankali, na raɗa masa suna Sarkin Barci, yara suka ɗauka.

Wata rana ya zauna kan bencina ya ce: "Baba Idi, na gaji."

Na ce: "Gajiyar me? Geron ma bai yi ba balle ka ce ɗaukar dami ya karya ka."

Aka yi dariya. Na ji daɗi an yi dariya. Ya ɗan yi murmushi ya tashi.

Shekaranjiya ya zo cikin riga wankakka, ya durƙusa gabana ya ce: "Baba Idi, na zo ne ku yafe ni. Duk abin da na yi muku."

Ku da ke Matameye kun san abin da wannan ke nufi. In kaka ta yi, balle irin ta bana da rumbu ya tashi wayam, duk yaron da zai tafi ci rani haka yake bi gida-gida yana neman gafara. Ni ma haka na yi, ubana ma haka. Sai na ce: "Ah, Sarkin Barci ya farka! Kano ko Legas?"

Ya sunkuyar da kai.

Na ce: "To in ka dawo ka taho mini da baƙin tabarau, ni ma in yi kama da masu mulki."

Ya ce: "Ku dai yafe ni."

Na ce na yafe, Allah ya kiyaye hanya. Na koma kan tayata.

Yau wurin jana'iza muka haɗa zance. Ashe unguwar kaf ya bi. Tsohuwata har ƙuli-ƙuli ta ƙulla masa a leda, guzuri. Ya ba Nura takalman ƙwallonsa. Kowa ya sa masa albarka.

Babu mutum ɗaya, ɗaya tak, da ya ce: wace mota za ka shiga? Wurin wa za ka sauka? Ina jakarka?

Mu da ke kwana muna gardama a kan sojoji da Faransa da iyaka. Mu da muka san abin da ake ƙullawa a Yamai kamar da mu ake zama. Ni kaina na tsara wa ƙasar nan yadda za ta gyaru ya fi sau ɗari, daga kan benci, da famfo a hannu. Yaro ya durƙusa gabana yana ban kwana da duniya, na aike shi sayen tabarau.

Masu cewa rashin imani ne, ku dakata. Yaron nan a sahun gaba yake salla lokacin da wasunku ke shan shayi. Hukuncinsa yana wurin wanda ya halicce shi, ba a ba ku rajista ba. In ba ku da addu'a, ku rufe bakinku, uwarsa tana karantawa.

Wani abokina da ke aiki a likita, wato asibiti, ya ja ni gefe a maƙabarta. Ya ce ciwo ne, ciwon damuwa, kuma ana maganinsa kamar yadda ake na hawan jini. Ya ce in yaro ya bar abin da yake so, ya bar ci, barcinsa ya rikice, ya fara rabon kayansa, ya fara cewa ya gaji ko shi nauyi ne, a zauna da shi a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa yaro tunanin. A saurare shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi likita. Addu'a kuma a ci gaba da yi.

Na ce masa ni da bakina ba ya iya kalma uku ba wasa? Ya ce koyo zan yi.

Nura tare suka faɗi jarrabawar nan. Shi ma wata guda ke nan yana ture tuwo, ni ina ce masa ya taimaki rumbu.

Da muka dawo na same shi a zaure. Na zauna ƙasa kusa da shi. Barkwanci uku suka zo mini baki, na haɗiye su. Na tambaye shi abin da aka ce in tambaya.

Ya kife kai a gwiwata yana kuka, rabon da ya yi haka tun yana ɗan shekara biyar.

Da ranar kasuwa zan wuce Kano ci rani. Na fasa. Gobe da safe ni da shi za mu likita, kuma a ɗakinsa zan shimfiɗa tabarmata, ya yi haƙuri da minsharina.

Allah ya jiƙan Sabi'u. Ya Allah, kai ka san abin da yaron nan ya ɗauka wanda mu ba mu gani ba, ka yi masa rahama, ka yafe masa, ka yafe mana. Ka ba Malam Ila da uwar yaron haƙuri.

Duk wanda ya karanta, ya yi masa addu'a. Ku sa Nura a ciki, don Allah.