Yadda na guje wa masu cetona da ragon suna a baya

Assalamu alaikum Edita. Ni tela ne a Gwarzo, kuma a shekarar da abin nan ya faru ina ji da kaina ba kaɗan ba. Ga sabon babur da ko lamba ban ɗaura masa ba, ga matata ta haifa mini ɗa namiji. Da yake haihuwar fari ce, tun da cikin ya tsufa ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, wani ƙauye a gefen hanyar Kabo, saboda haka a can za a raɗa suna. Ragon da na saya kuwa fari ne sol mai baƙin kunne, duk wanda ya gani sai ya ce ma sha Allah. Ba zan ɓoye ba, don surukina na zaɓe shi. Makiyayi ne gaba da baya, kuma tun ranar da na je neman aure yake mini kallon mai allura da zare wanda bai san dabba ba.

Niyyata in kai ragon ana gobe suna, sai ruwa ya kece tun la'asar, bai ɗauke ba sai da aka kira asuba. Ina idar da salla na ɗaure ƙafafun ragon, na ɗora shi a baya, na zura sabuwar shaddar da na yi wa aiki da hannuna, na kama hanya. Na sauka daga kwalta ke nan na hau burjin ƙauyen, sai na hango wata doguwar mota ta gindaya a bakin kwalbati, a kanta wata fitila ruwan ɗorawa tana juyawa wal-wal, ga mutum biyu suna ɗaga mini hannu. Duk mai babur a ƙasar nan ya san in ka ga fitila na juyawa a kan mota, to takardu za a tambaye ka. Ban yi wata-wata ba na karya kan babur na faɗa gonar dawa. Ina ji suna ta kiran Malam, Malam, in tsaya. Wallahi har dariya na yi, wai ni mai wayo.

Akwai wani mashigi a can ƙasa da nake bi da rani, inda ruwa ba ya wuce idon sawu. Ranar kuwa na tarar da shi ja wur, yana tafe da karare da rassa yana gurnani. Ya kamata in juya, amma rana ta fara fitowa, sai nake hango liman a raina zaune da wuƙa, surukina kuma yana duban hanya. Na yi bisimilla na afka. Ban kai tsakiya ba inji ya mutu, ruwan ya zare babur daga ƙarƙashina kamar an zare tabarma. Allah ya sa hannuna ɗaya ya cafki reshen wani marke, ɗayan kuma ƙahon ragon. Ruwa iya ƙirji, shi yana mini kuka a kunne, ni ina salati. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Can sai ga fitilar nan ta ɓullo ta cikin dawa. Na ce shi ke nan, ga ruwa ga kamu. Kunya ce ma in faɗa, amma a haka, ina shan ruwan laka, na fara yi musu bayanin cewa lambar tana hanya. Direban, wani dattijo mai farin gemu, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce in kwantar da hankalina, babur ɗin da za a kama ai ya riga ya yi gaba. Ashe manoma ne da 'yan kasuwa masu motocin da ke ja da taya huɗu, suka haɗa kansu don Allah. In ruwa ya yi ɓarna su tare hanyar da ta karye, su kwashi marasa lafiya, su ja motar da ta kafe. Fitilar tasu ba ta kamu ba ce, cewa take a yi hankali, akwai haɗari a gaba. Da suka ga inda na nufa sun san abin da zan tarar, shi ya sa suka biyo ni.

Suka ɗaura igiya a jikin motar suka wurgo mini, suka ce in saki ragon in kama. Na ce faufau, sai dai a fara da shi. Dattijon ya ce shi bai taɓa ganin taurin kai irin na tela ba. Ƙarshe abokin aikinsa ya ɗaura igiyar a ƙugu ya shigo, ya zarga ta a ƙahon ragon aka ja shi, sannan aka dawo kaina. Na fito ba hula, takalmi ƙafa ɗaya, shaddar nan kuwa ko ni da na ɗinka ta ban gane ta ba.

Suka zagaya da ni ta hanyar tudu har ƙofar gidan surukaina, fitila tana ta juyawa. Jama'a suka miƙe, sun ɗauka wani babban mutum ne ya zo suna. Surukina ya gyara babbar riga ya matso tarba. Sai ga ni na sauko, laka har gira, rago na biye da ni yana atishawa. Kai, ranar an yi dariya! Har liman sai da ya rufe baki da gefen rawani. Surukina ya shafa ragon, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya ce rago ya yi. Na ji daɗi har cikin raina. Amma bayan an shafa fatiha ya ja ni bayan rumbu, ya ce mini a hankali, raguna yana da su a garke, da na zo hannu rabbana da ya kama ɗaya an yanka, amma uban jikansa ba shi da wani a garke. Daga nan dariyar ta ɗauke mini.

Babur ɗin a wata fadamar shinkafa aka tsince shi, su ɗin ne ma suka jawo mini shi. Yanzu rigunan aikinsu ni nake ɗinka musu, kuma duk sanda dattijon ya zo shago sai ya tambaye ni ko lambar ta iso. Ina roƙon 'yan uwana masu babur, in damina ta yi, kuka ga fitila ruwan ɗorawa a hanya, ku tsaya ku ji abin da za a ce muku. Yaron nan yanzu ya fara gudu, kuma duk ranar da ya rugo ya rungume ƙafata sai na tuna saura ƙiris mutanen da suka zo sunansa su zauna zaman makokina a tabarma ɗaya.