Cif Ɗin Da Na Sa Aka Kawo

A ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da ake baje kolin Kanton a titin Liuhua Lu, mu baƙar fata ba mu da yawa a Guangzhou. In ka hango baƙar fata a bakin tashar jirgin ƙasa, ko dai ka san shi ko ka san wanda ya san shi. Ni kwaɗo da tocila nake saye in kai Kano. A otal ɗin da muke sauka, ƙofata tana kallon ta wani ɗan Uganda mai sayen kayan keke, Musulmi, dogo, mai maganar da sai ka matso kake ji. Da Turanci muke hira, kuma nasa ya fi nawa nesa ba kusa ba.

Mutumin Mbale ne, daga gindin dutse, ƙabilarsa Bamasaba. Sunan ya zauna a bakina daram kamar Bakano ko Bazazzagi, sai na riƙa ce wa danginsa Masabawa. Ya gyara min har ya gaji, ya bar ni. Wata rana muna cin taliya a shagon Musulmin Sin na tambaye shi sunan sarkinsu. Ya ce ba su da sarki. Na yi dariya, na ce to wa ke raba musu faɗan gona? Ya ce kowane dangi da babbansa. Na ce a raina ai dagaci yake nufi, kunyar faɗa yake ji. A wancan lokacin duk abin da bai yi kama da Kano ba, ɗauka nake bai gama zama ba, don haka ban sake tambaya ba.

Ranar da abin ya faru, wajen sha biyun rana ne, mun fito daga wurin baje kolin, yana gaba ina baya da jakunkunan takardu. Wani mai babur ya kwashe shi, ya faɗa titi, tayar motar kaya ta bi ta kan ƙafarsa ta hagu. Kansa ya bugu da kwalta. Da muka isa asibiti bai san inda yake ba.

Na kira Alhajin Gana. Shi ne dattijonmu a garin, ɗan zangon Kumasi, mai aika kaya ta filin jirgin Baiyun, kuma shi kaɗai ne a cikinmu yake jin Sinanci fiye da na ciniki. Ya zo da gumi, ya tsaya tsakanina da likita yana fassara. Likitan ya ce babbar jijiyar jini ce ta tsinke a ƙasan gwiwa. In an shiga aiki da wuri ƙafar za ta iya tsira, amma kowace awa da ta wuce rage ta take yi. Sai ya miƙo takarda ya nuna layin ƙasa. Tunda mara lafiya ba ya cikin hayyacinsa, sai wani nasa na jini ko matarsa sun sa hannu.

Na ce ni ɗan'uwansa ne. Likitan ya ɗora fasfona kusa da na abokin nawa, ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce, "Meyo." Kalmar da ’yan kasuwa ke faɗa mana ke nan in babu kaya. Ban taɓa jin ta da nauyi haka ba. Ya yarda dai in matar ta sa hannu aka turo ta fakis, injin nan mai aika takarda ta layin waya, zai karɓa.

A jikin katin kasuwancin abokin nawa akwai lambar wani shago a Mbale inda ake karɓar waya da fakis. Muka ruga ofishin waya na otal ɗin da ke daura da asibitin. Can safiya ce, mai shagon yanzu ya buɗe. Mutumin kirki, ya san abokin nawa, ya tura mai keke ya ɗauko matar. Cikin awa guda takardar likita ta isa hannunta. Na ce alhamdulillahi, an gama.

Ta ƙi sa hannu.

Mai shagon ne ke fassara tsakaninmu, ina jin kukanta a bayansa. Ya ce ta ce jikin mijinta ba nata ba ne, na dangi ne. In ta ba da izini aka sa masa wuƙa ya mutu, ko ya dawo da nakasa, za a ce ita ta ba da shi, kuma ba za ta ƙara kwana a gonar gahawarsa da ’ya’yanta ba. Sai babba ya yi magana.

Raina ya ɓaci, amma na ji na gane. A Kano ma ai haka ne, na ce a raina. In abu ya gagara sai a je gaban mai unguwa, a je gaban hakimi, ya rubuta ya buga hatimi, gwamnati ta ji, dangi su ji, magana ta ƙare. Na lalubo kalmar Turancin da na sani ta sarki, na ce wa mai shagon maza a kawo cif.

"Wane cif?" in ji shi.

"Mafi girma da za ka samu. Mai hatimi."

"Malam, amma abin da matar take nufi…"

Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na ɗaga murya har yarinyar ofishin ta ɗago kai. Na ce mutum na kwance jini na zuba shi kuma yana min amma, ya tashi ya kawo cif ya bar min surutu. Sai ya ce to. Alhajin Gana ya taɓa min kafaɗa ya ce, "Ɗana, da ka bari ya gama maganarsa." Na ce, "Baba, ba lokaci." Ni da na faɗi haka, ni ne na zubar da lokacin.

Awa uku muna jira. Na yi ta safa da marwa tsakanin otal da asibiti. Duk zuwa sai na ɗaga mayafin na duba yatsun ƙafar. Da farko sun yi fari, daga baya suka fara shuɗi. Likitan ya leƙo sau biyu ya nuna min agogon hannunsa. La'asar a tsaye na yi ta a lungun bene, ban san me na karanta ba.

Daga ƙarshe fakis ya yi ƙara. Takarda ce mai kyau, Turanci shimfiɗe, ga tambarin gwamnati a sama, ga hatimi a ƙasa ɓaro-ɓaro. Cif ya ba da izinin a yi wa ɗan yankinsa duk aikin da ya kamata. Na ɗauka a guje har da tuntuɓe. Likitan ya duba, Alhaji ya fassara, ya tambaya ko wannan uban mara lafiya ne ko wansa. Muka ce a'a, shugabansu ne. Ya mayar min da ita. Dangi ya ce, ba shugaba ba.

Na koma waya ina cewa to yanzu dai matar ta ji daga bakin cif, ta sa hannu. Mai shagon ya ja numfashi. Wannan karon na bar shi ya gama maganarsa. Ya ce a ƙasarsu cif ma'aikacin gwamnati ne mai albashi, yau a turo shi nan gobe a ɗauke shi. Wannan ɗin ma ba ɗan yankin ba ne, bai san sunan kakan mijin matar ba. Ya ce gwamnati ta yarda ƙabilun da aka taɓa soke wa sarauta su mayar da sarakunansu, wasu sun mayar, amma su Bamasaba ba su da kujerar da za su mayar. Abin da suke da shi shugaban dangi ne, tsoho a kan dutse, ba ofis, ba hatimi, babu wata takardar doka da ta san da zamansa. Shi matar take nufi tun safe, kuma shi ya so ya faɗa min.

Na tambaye shi nisan wurin tsohon. Ya ce zuwa da dawowa kamar awa biyu da rabi, in hanya ba ta jiƙe ba. Wato da tun farko shi aka tafi ɗaukowa, da yanzu an daɗe da gamawa. Na ce don Allah a tafi.

An riga an yi sallar magariba a wurinmu lokacin da tsohon ya iso. Kafin nan likitan ya kira mu gefe ya canja takardar. Aikin gyara ya wuce. Yanzu izinin yanke ƙafa yake nema, daga ƙasan gwiwa, in ba haka ba rai ne zai tafi. Ni na tura sabuwar takardar da hannuna, ina kallon injin yana haɗiye ta.

Na zata tsohon zai yi faɗa, ko ya ce a jira a tara dangi. Muryarsa ta zo ƙasa-ƙasa, da harshensu, mai shagon na juya min. Ya tambayi abin da ya faru, na faɗa. Ya tambaya ko akwai wata hanya, na ce babu. Ban faɗa masa cewa ɗazu akwai ba. Sai ya ce shi ne ya tsaya a kan wannan yaron ranar da aka yi masa kaciya a gaban jama'a, bai motsa ba bai ƙifta ba. Ya ce ɗansu ba ya haɗuwa da wuƙa shi kaɗai. Wa ke tsaye a kansa yanzu?

Na ce ni ne.

Ya ce to ni ne dangi a can, in tsaya a ƙofar har a gama, kada in zauna. Abin da aka yanke kuma kada a zubar, a binne shi a ƙasa. Sai na ji ya juya yana magana da ƙarfi, ba da ni ba, da mutanen da suka taru a shagon. Mai shagon ya ce yana shaida musu ne cewa shi ya ba da izini, hannun matar aro ne kawai, duk mai magana ya zo wurinsa. Ko minti biyar ba a yi ba takardar ta fito da sa hannunta a karkace. Likitan ya duba sunan, ya gyaɗa kai, aka tura gadon.

Na tsaya a ƙofar kamar yadda aka ce, ban zauna ba. Washegari Alhajin Gana ya yi ta fama da ofisoshi har aka ba mu ƙafar a naɗe, Musulmin garin suka nuna mana gefe a maƙabartarsu muka binne.

Kwana biyu bayan haka ya farka sosai, da hantsi. Ya daɗe yana kallon inda mayafin ya kwanta babu tudu. Na shirya wa kuka, na shirya wa zagi, har na so ya zage ni. Sai ya juyo da muryar nan tasa ya ce, "Wa ya ba da izini?"

Na ce matarsa ce ta sa hannu.

Fuskarsa ta canja nan take, tsoro ƙarara. "Ita kaɗai?"

Na ce a'a, tsohon ya sauko daga dutse, shi ya yi magana a gaban mutane. Ya saki numfashi, ya lumshe ido. Ya ce to ba mai taɓa ta. Sai ya laluba ya kama hannuna ya ce, "Yaya aka yi ka san shi ne za ka nema? Baƙo ba ya sani. Wani da cif zai kira."

Alhajin Gana yana bakin taga, ya juya mana baya. Na riƙe hannun, na ce Allah ne ya taimaka. Abokin nawa ya koma Mbale da sanda yana yi min godiya, kuma har yau ban faɗa masa maganar awa ukun nan ba.